Barcin yaro ba hutun mai raino ba ne: abin da dokar Birtaniya ta tanada, da inda ta gaza

Mai rainon yara da ke aiki a gidan mutane a Landan takan shiga aiki ƙarfe bakwai na safe, ba za ta fito ba sai bakwai na yamma. Dole ta iso kafin iyaye su kama hanyar ofis, kuma ba ta tafiya sai sun dawo, saboda haka awanninta su ne awannin aikinsu har da tafiyarsu ta zuwa da ta dawowa. Awa 10 zuwa 12 a rana, kwana biyar a mako, ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Abin da ke yawan kawo saɓani tsakanin iyaye da masu raino shi ne, a cikin waɗannan awanni nawa ne nata na kanta, kuma wa zai riƙe yaron a lokacin.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce dokar tsara lokutan aiki ta 1998, wadda ke aiki a Ingila da Sikotland da Wales. Hutu iri uku ta ba ma'aikacin da ya kai shekara 18. Idan aikin yini ya haura awa shida, yana da minti 20 a jere ba katsewa, kuma yana da ikon barin wurin aikin ya je ya huta a wani wuri. Tsakanin tashi daga aiki da komawa washegari yana da awa 11 a jere. A kowane mako kuma yana da awa 24 cur, ko mai gida ya haɗa masa awa 48 a mako biyu. Wanda ya wuce shekarun karatun dole amma bai kai 18 ba, nasa ya fi yawa: minti 30 in aiki ya wuce awa huɗu da rabi, awa 12 tsakanin yini da yini, da kwana biyu a mako.

A sashe na 19 na dokar ne iyaye da dama ke yin tuntuɓe. Sashen ya cire masu aikin gida a gidajen mutane daga wasu tanade-tanade, kuma galibi ana lissafa mai raino a cikinsu. An cire su daga iyakar awa 48 a mako, an cire su daga iyakar awa takwas ta aikin dare, an kuma cire su daga ƙarin hutun da ake ba masu aiki iri ɗaya mai gundura domin kare lafiyarsu. Sai mutum ya ji an ce "an cire masu aikin gida", ya ɗauka ba su da komai. Ba haka ba ne. Hutu ukun nan suna nan daram, babu wanda sashen ya taɓa. Sai dai kuma cire iyakar mako ba ƙaramin giɓi ba ne. In aka bar mata awa 11 kowane dare da kwana ɗaya a mako, a lissafi ana iya sa mai raino aikin awa 13 a rana har kwana shida, wato kusan awa 78, ba tare da an karya wannan doka ba.

Haka nan minti 20 ɗin ba ya ƙaruwa da tsawon yini. Kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta yanke, a shari'ar wani mai gadi da ke aikin awa 12, cewa hutu ɗaya ne doka ta wajabta, ba ɗaya bayan kowace awa shida ba. Doka ba ta ce dole a biya kuɗin wannan hutu ba, sai in kwantiragi ya faɗa. Ana kuma so ya faɗo a tsakiyar aiki, ba a manna shi a farko ko a ƙarshe a ce ta zo a makare ko ta tashi da wuri ba. A ganinmu minti 20 a cikin awa 12 ya yi kaɗan ƙwarai ga mace da ke ɗaukar yaro tana saukewa, tana hawa bene tana sauka, idonta bai bar kansa ba ko na ɗan lokaci. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka za ta lamunta, ba shi ne ma'aunin gidan da ya san darajar mai yi masa raino ba.

Lokacin da yaro ke barci

Kusan duk gidan da aka tambaya yaushe mai rainonsu ke hutawa, amsar ɗaya ce: ai yaro yana barcin rana. A nan ne maganar take.

A duba yadda lokacin yake. An gama abincin rana, ta wanke wa yaron hannu da baki, ta canza masa kunzugu, ta kwantar da shi a saman bene, ta sauko kicin da na'urar sauraron jariri a hannu. Ta ajiye na'urar kusa da farantinta, ta ƙara mata murya. Ta kai loma biyu ko uku sai ta ji ya yi tari. Ta dakata, cokali a hannu, tana sauraro: zai koma barci ko zai fashe da kuka? In ya koma ta ci gaba da ci, in ya farka ta ture farantin ta hau. Ba ta san ko minti goma take da shi ko awa biyu ba. Ba za ta iya leƙawa shagon bakin layi ba, domin barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida ganganci ne da zai iya kai ta gaban kotu. Ba za ta toshe kunne ta ji rediyo ba, ba za ta kwanta ta yi barci mai nauyi ba. Hutun jaki ne da kaya a ka.

Kotunan Birtaniya sun riga sun duba irin wannan yanayi, ko da yake ba a kan masu raino ba. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Gallagher, wadda ta shafi ma'aikatan da ke loda abinci a jiragen sama a filin jirgin Gatwick. Tsakanin jirgi da jirgi sukan sami lokacin da ba aiki, amma dole su zauna a shirye, ana iya kiransu ta rediyon hannu a kowane lokaci. Kamfanin ya ce wannan zama shi ne hutunsu. Kotu ta ce a'a: sai ma'aikaci ya san tun daga farko cewa yanzu ya shiga hutu, yana da minti 20 da zai yi yadda ya ga dama da su, ba wanda zai katse shi. Ba a waiwayo bayan lokaci ya wuce a ce tun da ba a kira ka ba, ai ka huta. In aka ɗora barcin yaro a kan wannan ma'auni, ba ya wucewa. Mai rainon da ke ita kaɗai da yaro tana bakin aiki daga shigarta har fitarta, ko yaron yana barci ko yana farke.

Barcin ma ba abin dogaro ba ne. Jariri sabon haihuwa yana yin sa ne guntu-guntu ba tsari. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yakan yi awa ɗaya ko biyu bayan abincin rana, to amma haƙori, mura ko zazzaɓi suna rushe wannan a rana ɗaya. Yawancin yara suna daina barcin rana tsakanin shekara uku da biyar, sai kwantiragin da aka gina a kan barcin ya zama ba shi da tushe, kuma ba wanda ya tuna ya gyara shi. Inda yara biyu ne, ko gidaje biyu suka haɗa kuɗi suka ɗauki mai raino ɗaya, da wuya barcinsu ya zo daidai. Sannan ga ɗabi'ar da ta fi kowacce cinye lokacin: jerin ayyukan da ake bari a rubuce a jikin firji, a wanke kayan yara, a yi guga, a dafa abincinsu na gobe, a tsabtace kwalaben madara, duk "in ya yi barci". Gida ba zai lissafa lokaci ɗaya sau biyu ba, a ce shi ne hutu kuma shi ne lokacin guga.

Dokar ta san akwai ayyukan da ba a iya barinsu, kamar gadi da jinya. A irin waɗannan ta yarda a ɗage hutu, da sharaɗin a rama wa ma'aikaci da wani hutun kwatankwacinsa. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta duba ƙarar Crawford, mai kula da siginar jirgin ƙasa a kamfanin Network Rail, wanda ke zama shi kaɗai a ɗakin sigina. Ba ya samun minti 20 a jere, amma yana samun gajerun hutu tsakanin jiragen da in an haɗa sun haura haka. Kotu ta ce a matsayin ramuwa wannan ya wadatar. Iyaye na iya kafa hujja da wannan su ce raino ma aiki ne da ba ya yankewa. Ko da an karɓi hujjar, ba ta share haƙƙin ba, sauya masa siffa kawai ta yi: dole dai a nuna ina ramuwar take. Kuma akwai bambanci. Mai sigina yana da jadawalin jirage a gabansa, ya san yaushe na gaba zai zo. Jariri ba shi da jadawali.

Ba kuma hujja ba ce a ce ai ba ta taɓa tambaya ba. A shari'ar Grange da kamfanin bas na Abellio a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ce nauyin mai ɗaukar aiki ne ya tsara yini yadda hutu zai yiwu. In tsarin aikin da kansa ya toshe hutun, an hana ke nan, ko ma'aikaci ya buɗe baki ko bai buɗe ba. Wannan yana da muhimmanci a aikin gida fiye da ko'ina, domin mace da ke aiki ita kaɗai a gidan wanda ke biyanta ba ta da abokin aiki ko ƙungiya a kusa, kuma kunya da tsoron ɓata zama sukan rufe mata baki.

Inda abin ya fi zama laifi ƙarara shi ne wajen kuɗi. Wasu gidaje suna rubuta "awa ɗaya ta cin abinci, ba biya" a kwantiragi, alhali ba wanda ke karɓar yaron a wannan awa. A ɗauki mai raino da ke yin awa 12 kwana biyar, wato awa 60, ana biyanta mafi ƙarancin albashi na shekarar 2025, wato fam 12.21 a awa, wanda ya fara aiki a Afrilun wannan shekarar ga masu shekara 21 zuwa sama. In aka cire awa ɗaya kullum, za a biya ta na awa 55, fam 671.55. A raba wannan da awa 60 da ta yi a zahiri, ya koma kusan fam 11.19 a awa. An faɗo ƙasa da abin da doka ta yanke, kuma ana cin mata fam 61.05 duk mako. Hukumar haraji ta HMRC na iya tilasta a biya bashin, ta kuma ɗora tarar da ke kai wa ninki biyu na abin da aka rage. Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: duk lokacin da alhakin yaro ke wuyanta, lokacin biya ne.

Yadda ake tsara shi ya yiwu

Hutu na gaskiya yana buƙatar hannu na biyu, kuma gidaje sun fi samun wannan hannu fiye da yadda suke zato. Inda uwa ko uba ke aiki daga gida, a yanke lokaci tsayayye, misali ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a miƙa na'urar sauraron hannu da hannu, mai raino ta fita daga gidan in ta so. Miƙa na'urar shi ne alamar an sauke mata nauyi. Abin da ke lalata wannan tsari shi ne taron ofis da ya zarce lokaci, don haka a amince tun farko cewa in an rasa na ƙarfe ɗaya za a rama kafin ƙarfe huɗu a ranar, ba a tara shi zuwa Juma'a ba. Inda yaro ke zuwa nazare da safe, ana iya sa hutun a cikin waɗannan awanni, amma a faɗi wane ne makarantar za ta kira in yaron ya kamu da ciwo. In lambar mai raino ce ta farko a wannan rabin awa, ba ta sauka daga aiki ba. A kuma tuna da hutun makaranta, lokacin da wannan dama ke ɓacewa makonni a jere.

In babu hannu na biyu ko ta wace hanya, gaskiya ita ce a faɗi haka a rubuce maimakon a yi kamar akwai. A biya dukkan awanni. A rubuta cewa minti 30 ko 45 na farkon barcin yaro ba a ɗora mata wani aiki a ciki. A rage jerin ayyukan gida zuwa abin da ya shafi yaron kaɗai. A sa ramuwa da za a iya nunawa, kamar ranar da uba zai dawo da wuri ko safiyar da za ta shigo ƙarfe tara. Wannan bai cika sharaɗin minti 20 yadda doka ta siffanta shi ba, amma ya fi kusa da adalci, kuma ya fi sauƙin karewa. Tun 6 ga Afrilun 2020 doka ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki tun ranar da ya fara, da awanni da ranakun aiki a ciki, to a nan ne wurin rubuta duk wannan. A sake duba takardar duk lokacin da barcin yaro ya canza ko aka sami ƙarin haihuwa.

Ga mai raino Musulma akwai batun salla, wanda dokar ba ta ware masa lokaci na musamman ba. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, don haka azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, a tsakiyar aiki. Hutu ɗaya ba zai ɗauke su ba. Gara a yi maganar tun ranar ganawar farko: ina za ta yi alwala, ina za ta shimfiɗa darduma, a ina za a ajiye yaron cikin aminci na waɗannan mintuna, gadonsa mai shinge ko kujerarsa mai ɗamara a inda take ganinsa.

Hutun dare ya fi na rana saurin karyewa, kuma ba a cika lura ba. In iyaye sun fita cin abincin dare suka roƙe ta ta tsaya har ƙarfe 11, awa 11 ɗinta ba za su cika ba sai ƙarfe 10 na safe. Dawowa ƙarfe bakwai ya zama awa takwas ke nan, a ciki har da tafiyar gida da dawowa. Ko dai a sa irin wannan fita a daren da ba ta da aiki washegari, ko a jinkirta shigowarta, ko a nemo wata ta tsaya. Mai kwana a gidan ta fi shiga matsala, domin ɗakinta na nan kusa, ƙwanƙwasa ƙofa ba wuya. In na'urar sauraro na kwana a ɗakinta, daren ba nata ba ne. Kotun Turai ta yanke a shari'ar Jaeger a 2003, kan wani likita a Jamus, cewa zaman jiran kira a wurin aiki aiki ne ko da an ba mutum gado. Amma a 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a shari'ar Mencap, wata ƙungiyar agaji mai kula da naƙasassu, cewa wajen mafi ƙarancin albashi, mai kwana a wurin aiki ana lissafa masa ne lokacin da yake farke domin aiki kawai. Ma'auni biyu ne daban, ɗaya na hutu ɗaya na kuɗi, kuma ana yawan cakuɗa su. Abin yi shi ne a rubuta darare nawa ne nata na jira a mako, nawa ake biya a kowane dare, da ƙarfe nawa za ta fara aiki bayan daren da aka tashe ta. Ta kuma riƙe ɗan littafi tana rubuta lokacin da ta tashi da lokacin da ta koma.

Wadda aka hana hutu tana iya kai ƙara kotun ma'aikata, bayan ta fara bi ta hukumar sasanci ta Acas. Wa'adin da dokar 1998 ta sa gajere ne, wata uku, don haka jinkiri na kashe ƙara. Diyyar ba ta cika yawa ba, tun da kotu ta ce ba a biyan kuɗin ɓacin rai a irin wannan ƙara. Abin da ya fi hana mata magana shi ne takardar shaidar aiki da za ta nema daga gidan nan gaba, da kuma ɗakin kwana in a gidan take. Wannan ya fi tsanani ga waɗanda iyalai ke tahowa da su daga ƙasashen waje, har da Najeriya, a kan bizar masu aikin gida ta wata shida. Su ma dokokin nan sun shafe su. Tun 1 ga Afrilun 2024 kuma an soke tsohuwar kafar da ke ba gida damar ƙin biyan mafi ƙarancin albashi da sunan ana ɗaukar mai aiki "kamar 'yar gida".

Masu karatu a Najeriya za su yi mamakin jin cewa a kan takarda dokarmu ta fi ta Birtaniya yalwa a wannan fanni. Sashe na 13 na dokar ƙwadago ta 1974 ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya a cikin bakwai. Ya kuma fayyace cewa hutu shi ne wanda aka yanke tsawonsa tun da farko, mutum na da ikon lokacinsa, kuma ba a tilasta masa zama a wurin aiki. Matsalar tana sashe na 91, inda ma'anar ma'aikaci ta fitar da wanda aka ɗauka ba domin kasuwancin mai ɗaukarsa ba, abin da ya bar masu aikin gida a rataye. Najeriya ba ta kuma amince da yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba, wadda aka zartar a 2011, mai ba masu aikin gida awa 24 a jere duk mako da 'yancin fita daga gidan a lokacin hutunsu. Saudiyya, inda matanmu da yawa ke aikatau, ta fitar da sabbin ƙa'idoji a 2023 da suka sa iyakar awa 10 a rana, da hutun aƙalla rabin awa bayan awa biyar a jere, da kwana ɗaya a mako.

Wani abin da ya bambanta gidajenmu shi ne hannu na biyu ba ya wuya: ga kaka, ga ƙanwar miji, ga uwar yaron da ta dawo daga aiki ƙarfe huɗu. Abin da babu shi ne yanke lokaci, a ce daga azahar zuwa la'asar an karɓi yaron, kuma ba za a aike ta kasuwa ko a tura ta wanke-wanke a ciki ba. Duk wannan magana ce ta babbar mace da aka ɗauka aiki da albashi. Inda 'yar rainon yarinya ce 'yar shekara goma da aka kawo daga ƙauye, batun ya wuce na hutu, domin sashe na 28 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ya hana a sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa.